Ɗakin da Ba a Yin Sallama

Tun da na dawo daga Faransa ban zauna a majalisarmu ta ƙofar gida ba tare da wani ya ce in sake ba da labari ba. Wasu sun ji farkon ba su ji ƙarshen ba, wasu kuma sun ji shi daga bakin da ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai an sa ni a tukunyar nukiliya na fito lafiya. Ba a sa ni a tukunya ba. Aikin rediyo na yi har na yi ritaya, kuma ya koya mini cewa labarin da ba ka ba da shi da kanka ba, wani zai ba da shi yadda ya ga dama. Saboda haka ga shi yadda ya faru.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba, aikena aka yi.

Yayana Alhaji Idi manomi ne a garin Babban Mutum, yana kuma taɓa fataucin dabbobi. Ɗansa na fari, Auwalu, a hannuna ya tashi a nan Daura tun da aka yaye shi. Ya yi karatu a Zariya, ya sami tallafi ya tafi Faransa tare da matarsa Zulai, yana binciken digirinsa na uku a kan yuraniyom, wato sinadarin da ake ba da wutar lantarki da shi a tashoshin nukiliya. Da ya kusa gamawa aka nemi ya zauna ya ci gaba da aikin. Ya kira ni ya gaya mini, ni kuma na kai maganar Babban Mutum, don ba ni da hurumin yanke ta.

Baƙo zai ce me ya hana uban ya ɗauki waya ya tambayi ɗansa da kansa. Ɗan fari ne. Yaya bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama hira da shi ba. Idan Auwalu ya bugo, gaisuwa ce kawai, sai ya miƙa wa na kusa wayar. Idan zai ambace shi, "ɗan naka" yake ce mini. Duk wata magana mai nauyi da ke tsakaninsu ta bakina take bi.

Ina ambaton yuraniyom Yaya ya ajiye igiyar da yake tufka. Ya riga ni sanin sunan. A ƙuruciyarsa yana kai raguna har Arlit, can arewacin Nijar inda ake haƙo shi, kuma mai masaukinsa a garin, wani Ilu mutumin Matamaye, a ramin yake aiki. Ilu ya dawo gida da ciwon ƙirji, ya yi ta tari har ya rasu, Yaya na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Ba wanda ya taɓa tabbatar masa aikin ne ya kashe Ilu, ba kuma wanda ya cire masa zargin. Ya ce da ya san nan karatun ya nufa da tun farko bai yarda ba. Amma tunda an gayyace ni taron kammalawar, in je in gani da idona.

"Idan abin da ya ci Ilu ne, ka ce na ce ya tattara iyalinsa ya dawo, gona ba ta ƙare ba. Idan ba shi ba ne, ka zo ka gaya mini. Kai dai na san ba ka ƙara wa labari."

Na san halin Auwalu. Idan aka ce uban ya ce ya dawo, zai dawo ko da ran da za a ba shi aikin ne, kuma ba zai sake ta da maganar ba har abada. Da wannan nauyin na fita.

Ba zan gajiyar da ku da zirga-zirgar neman biza a Abuja ba, wanda ya taɓa yi ya sani, wanda bai yi ba kada ya yi marmari. Na tashi ana jiran ruwan shuka. Mahaifiyar Auwalu ta aiko da ƙullin tsaraba: kilishi, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji. Ita ma kunyar ba ta bar ta ta ce nasa ne ba, sai ta ce a kai wa yarinyar nan Zulai, wataƙila tana marmari. Duk gidan an san Zulai ba ta cin kilishi.

Daga Daura zuwa Kano hanya ce da na sani kamar tafin hannuna, sai dai direbanmu ya tsaya a Kazaure ya ɗauki buhunan albasa ya ɗora a kan jakata, na isa filin jirgi ina ƙamshin miya. Mun ya da zango a wata ƙasa aka sauya mana jirgi, washegari da hantsi muka sauka Faris. Jami'in shige da fice ya dubi fasfo, ya dube ni, ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce ɗana ne zai gama karatu. Ya buga hatimi. Na ce a raina ashe iyakar Kongolam ma ta fi wannan tambaya.

Ashe da saura. Wajen kwastan wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata, ya ƙi tashi, kamar an ba shi aron wurin. Aka buɗe. Kilishin suka fara ɗauka, suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu ko ya bushe kamar fata. Na yi bayani da Turancina na karanta labarai, jami'in ya saurara cikin ladabi, ya jefa shi a kwandon da ke gefensa. Da ya kwance ƙullin daddawa kuwa sai da ya ja da baya. Na ce 'ya'yan itace ne, ana sa wa miya. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna, suka yi magana da Faransanci suka yi dariya. Na biyun ya ce mini da Turanci suna da cukun da ya fi wannan, in tafi da abata. Daga baya na ci cukun da yake nufi, kuma na shaida mutumin bai yi ƙarya ba.

Auwalu a kudancin ƙasar yake, kuma shirin kare bincikensa bai bar shi ya zo tarbata ba, sai ya kwatanta mini jirgin ƙasan da zan hau. Na sami jirgin, na sami lambar kujerata, na zauna ina yaba wa kaina. Sai na ji an ce, "Sannu Alhaji, daga ina?" Wani dogon mutum ne ya ga hulata. Sunansa Mamman, ɗan Damagaram, yana aikin jinya a can. Da na ce Daura sai ya ce ashe ɗan gida ne. Ya dubi tikitina ya kama baki. Jirgin nan biyu ne aka haɗa, a hanya za su rabu, rabin da nake ciki wani gari daban ya nufa. Ya ɗauki jakata muka fita da sassarfa, ni da babbar riga ina binsa, muka shiga ɗaya rabin ana rufe ƙofa.

Muka yi hira, Hausarsa tana tafe da Faransanci a goye. Da ya ji aikin Auwalu sai ya nuna fitilun jirgin ya ce wani abu daga cikin wutar nan daga ƙasarsu ya fito, kuma tsohuwarsa a ƙauye har yanzu da tocila take neman takalminta. Bai faɗa da zafi ba, kamar mai faɗin farashin gero ya faɗa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a jirgin shi ne shiru. Tarago cike da mutane, ba mai gaisar da wani. Matar da ke kusa da ni ta fito da burodi ta cinye tas ba ta ce bismilla ba, karenta a kan cinya. Da na miƙa mata dabino sai ta dube ni kamar na nemi aurenta, daga baya ta ɗauki ɗaya ta yi godiya har sau uku. Mamman ya ce ba rowa ba ce, a nan barin mutum da kansa shi ne girmama shi.

A tashar garinsu Auwalu ya hango ni ya taho ya durƙusa har ƙasa yana gaishe ni. Wani dattijo Bature ya tsaya yana dube-dube a ƙasa, yana zaton wani abu ya faɗi a taya shi nema.

Gidansu ɗaki biyu ne a hawa na uku, duka bai kai zaurena ba, amma komai da mazauninsa. Suka bar mini ɗakin barcinsu duk da na ƙi. Zulai ta kwance ƙullin nan ta rungume daddawar, a ranar muka ci tuwo da miyar kuka, tuwon na wani garin alkama ne amma ya yi. Da na ba da labarin kilishi Auwalu ya yi murmushi ya ce Allah ya saka wa wadda ta aiko wa Zulai. Abincinsu na can kuwa, burodi ne dogo kamar sanda, mai ɓawon da yake yanka dasashi, sai ganye ɗanye da ake ci kamar awaki, sai cuku iri-iri. Rana kuma ba ta son faɗuwa. Na yi la'asar na zauna jiran magariba har na gaji na yi gyangyaɗi, na farka gari da haske. Maƙwabciyarsu tsohuwa ta shigo gaishe ni ta kawo fuska za ta sumbace ni a kumatu yadda suke yi, na dafe ƙirji da hannu biyu na sunkuya, ita ma ta dafe nata ta sunkuya, muka rabu kowa da mutuncinsa.

Ban gaya wa Auwalu saƙon da nake ɗauke da shi ba, shi ma bai tambaya ba. Ya sani. Abin da ya yi kawai, tun kafin in zo ya nemar mini izinin shiga wurin aikinsu.

Wurin a bayan gari yake, cikin shinge. Aka karɓi fasfona a ƙofa, aka sa na tuɓe babbar riga na sa farar riga irin ta likitoci, aka rufe mini takalmi da leda, aka maƙala mini wani ɗan abu a ƙirji wanda yake auna tururin nukiliyar da jiki ya sha. Ɗakin farko akwai wani akwatin gilashi babba, rufe ruf, da safar hannu ta roba a manne a jikinsa ta ciki. Auwalu ya zura hannuwansa ya ɗago wani abu da ɗan hantsaki. Baƙi ne, mulmulalle, bai wuce kan ƙaramin yatsa ba, kamar gutsuren gawayin da aka goge.

Ya ce shi ne makamashin. Yuraniyom ne haɗe da oksijin, iskar nan da muke shaƙa, aka gasa su suka daskare kamar tangaran. Irinsa ake jerawa a cikin dogayen bututun ƙarfe a sa a tukunya, ya yi zafi, ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji, wuta ta samu. Wannan bai taɓa shiga tukunya ba, saboda haka tururin nukiliyar da yake fitarwa mai rauni ne. Wanda ya shiga ya fito shi ne abin tsoro, yana wani gini dabam bayan katanga mai kauri, da hannun ƙarfe ake taɓa shi, shi kuma ba can yake aiki ba. Haɗarin wannan, in ji shi, ƙurarsa ce idan ta shiga ƙirji.

Ƙura a ƙirji. Na tambaye shi kai tsaye ko ya tuna Ilu. Ya ce ya tuna ana maganarsa. Ya ce ƙurar dutsen, da wata iska da take taruwa a ramin haƙarsa, an san suna cutar da huhu, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma ba zai iya cewa ita ta kashe Ilu ba, don bai sani ba. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Ya san abin da amsar za ta iya jawo masa, bai kuma sassauta ta ba.

Na ce ashe akwatin nan don kare mai aikin aka yi. Ya ce haka ne, amma rabin gaskiyar ke nan, ɗaya rabin don a kare abin daga gare mu ne. Babu iskar shaƙa a cikin akwatin, an cika shi da wata iska da ba ta haɗuwa da komai. Abin nan mayen oksijin ne, idan aka bar shi a fili zai yi ta sha. A ƙa'ida kowace ƙwayar zarra ta yuraniyom tana da na oksijin biyu, kowa da gurbinsa, jere kamar sahun sallah. Amma yakan karɓi ƙari.

"Baffa, ka san wanda ya zo Juma'a a makare, ya hango 'yar kafa a sahu ya cusa kafaɗa? Na damansa ya gusa, na hagunsa ya gusa, sahun ya ɗan karkace a wurin. To haka oksijin ɗin da ya yi yawa yake yi. Wani wurin kuma akasin haka ne, gurbi ne ba kowa."

Na ce to me ya dame su da karkacewar da ido ba ya gani. Ya ce zafin da ke tsakiyar abin dole ya bi ta cikin sahun nan ya fita waje. Inda sahu ya karkace zafi yana tuntuɓe, tsakiyar ta fi yin zafi fiye da yadda aka tsara, halin abin ya sauya. Mai gina tukunya kuwa yana so ya san halin abin da ya zuba a ciki na shekaru. Aikinsa shi ne gano inda waɗannan 'yan cusa kafaɗar suke tsayawa, su kaɗai ko a ƙungiya. Wahalar ita ce yuraniyom mai nauyi ne, yana fitowa fes a madubin ƙara girman da suke duba ƙwayoyin da shi, oksijin kuwa marar nauyi ne, ganinsa kusa da shi kamar neman hasken ashana ne a gefen fitilar mota.

Madubin da suke kallo da shi sai ranar Lahadi da safe muka je ganinsa, don ran nan manyan motoci ba sa bin titin da ke kusa. A hanya Auwalu ya ce ɗakin ba ya son motsi ko ƙara. Na ce to. Na ɗauka irin abin da ake gaya wa baƙo ne a asibiti. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake. Aka tsayar da ni a waje in ajiye agogo da waya da makullai, shi ya riga ni shiga. Da na gama na tura ƙofa, na yi abin da na yi a bakin kowace ƙofa tun da na iya magana. Na yi sallama. Da muryar aiki kuma na yi ta, wadda ake ji daga Daura har Zango ba tare da an ƙara wa rediyo murya ba.

A gaban wani allo akwai wata mata mai furfura, Madam Silbi, wadda take kula da na'urar. Na ga hoton da ke allon ya tsage kamar an ja tsintsiya a kan zanen yashi. Ta ɗora hannu biyu a ka. Auwalu ya juyo, na ga leɓensa yana motsi ba sauti. Amsa sallamar yake yi, don ba a barinta a ƙasa.

Sai da muka fito waje mu uku ya yi mini bayani. Tun da sassafe suke jiran ɗan ɓallin baƙin abin nan da suka sa a na'urar ya natsu, ɓallin da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Madam ta sami wuri mai kyau tana cikin ɗaukarsa na shigo. Kuma ba a komawa wuri ɗaya sau biyu, don hasken da ake kallo da shi yana tunkuɗa oksijin ɗin daga inda yake, kallon da kansa yana ɓata abin kallon. Wurin nan ya tafi ke nan. Na ce ya ba ta haƙuri. Ya fassara, ta yi tambaya, ya amsa, sai na ga tana dariya ba sauti. Ta ce tari ya taɓa ɓata mata hoto, faɗuwar biro ma ta taɓa, amma ba a taɓa ɓata mata da fatan zaman lafiya ba. In shigo in zauna, kada in motsa, kada in yi gyaran murya, ko zafin jikina sai na'urar ta saba da shi.

Na zauna. Na'urar tana tsaye a tsakiyar ɗakin, ta fi mutum tsawo, bango duk an lulluɓe shi da abin shanye ƙara irin na ɗakin watsa shirye-shiryenmu. A can an yi bangon don murya ta fita da kyau, a nan an yi shi don kada ta fita ko kaɗan. Ni da aka horar da ni cewa shiru a iska laifi ne, na zauna ina jin bugun zuciyata ina tsoron kada ita ma a ji ta. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba, agogona yana waje.

Allon ya fara da hazo. Madam tana juya wani maɓalli da kan yatsa, a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Sai hazon ya fara tsinkewa. Ɗigo-ɗigo suka fito, farare, a jere. Layi bayan layi, tazara ɗaya, daga wannan gefen allon zuwa wancan, ba wanda ya wuce ɗan'uwansa. Ban taɓa ganin abin da ɗan Adam ya jera ya kai wannan daidaito ba, kuma wannan ba wanda ya jera shi. Gawayin nan da na raina a akwati, haka cikinsa yake tun daga farko har ƙarshe.

Kalmar ƙwayar zarra na furta ta a labarai ba iyaka, duk lokacin da manyan ƙasashe suka yi cacar baki a kan makamai. Ban taɓa tsammanin abu ne mai mazauni, mai maƙwabta ba. Na ji tasbihi ya taso mini, na riƙe shi a ƙirji, na yi shi a can.

Ta sake taɓa wani abu, hoton ya juye. Tsakanin manyan ɗigon sai ga wasu ƙanana, dishi-dishi, kamar sawun tsuntsu. Auwalu ya ɗaga yatsa ya nuna ba tare da ya taɓa allon ba. Oksijin ke nan. Ya bi layin da yatsa a iska har ya tsaya wani wuri. Na duba. A nan ƙananan sun kauce wa layi kaɗan, ɗaya ya yi nan ɗaya ya yi can, tsakaninsu akwai wata inuwa da babu irinta a sauran wuraren. Ko ni na gane. Wani ya cusa kafaɗa.

Na dubi Auwalu. Hasken allon yana fuskarsa, ba ya ko ƙifta ido, numfashinsa ma a hankali yake fita. Yaron da na sha kora daga bayan rediyona yana kwance mini ƙusoshi, shi ne wannan, kuma na ga ya isa inda tun can yake nufa.

Da aka gama ɗauka Madam ta yi ajiyar zuciya, magana ta halatta. Auwalu ya gyara mini fahimta ɗaya: kowane ɗigo ba ƙwaya guda ba ce, jerin ƙwayoyi ne da muke hange ta kansu, kamar ka tsaya a bakin kunya ka ga layin gero ya zama kara ɗaya. Kuma inuwar nan ba hujja ba ce tukuna, sai an gwada ta da lissafi an sake ganin irinta a wasu wuraren. Kafin mu fita Madam ta roƙe ni abu ɗaya, in sake yin gaisuwar nan tana kallo. Na yi, a hankali wannan karon. Duk sahun ya girgiza, sannan ya koma ya tsaya. Na tambaya ko su ne suka motsa. Auwalu ya ce a'a, na'urar ce muryata ta kaɗa, su suna nan inda suke. Na fi son amsar farko, amma ta biyun ce gaskiya.

A ƙofar fita kowa sai ya sa hannu da ƙafa a wata na'ura ta duba ko ya kwaso wani abu. Ta ce ban kwaso ba. Abin ƙirjina ma bai nuna komai ba.

Ranar kare binciken ban fahimci ko kalma ɗaya ba, Faransanci ne da lissafi, amma na ga malamansa sun miƙe tsaye da za su faɗi sakamako. Al'adarsu kuma dangin ɗalibi ne suke ciyar da malaman bayan an gama. Zulai ta yi dambu da cincin da zoɓo, na ga wani shehin malami yana ƙara dambu karo na biyu yana share hawayen yaji.

Sai dai ni lissafina bai fita ba. Yaya ya ba ni hanya biyu, ko abin da ya ci Ilu ne ko ba shi ba ne. Abin da na gani kuwa shi ne, kuma ba shi ba ne. Dutse ɗaya, ƙura ɗaya, amma a nan an kulle ta a gilashi. Na ga ba ni da ikon zaɓar wa Yaya rabin da ya fi mini daɗi. A tasha da zan taho Auwalu ya ce, "Baffa, in fara haɗa kaya ne?" Na ce ni ido aka aiko, ba baki ba, ya jira. Ya ce duk abin da aka ce shi ke nan.

Na dawo na tarar damina ta zauna. Na kwana ɗaya a Daura na wuce Babban Mutum, aka ce Yaya yana gona. Na same shi yana noman farko, gero ya kai ƙauri. Muka zauna a gindin gawo. Na ba shi labarin yadda ake ba da labarai, mafi nauyi a gaba. Na ce abu ɗaya ne da wanda ake haƙowa a Arlit, kuma ɗan nawa da bakinsa ya ce ƙurarsa tana cutar da huhu. Sannan na faɗi akwatin gilashi, da safar hannu, da abin aunawa a ƙirji, da na'urar bakin ƙofa. Na faɗi sahun da na gani, da yadda ake zama shiru kafin a gan shi. Maganar sallamata ce kaɗai ta sa ya yi dariya, ya ce ai gara da aka sami wurin da ya rufe mini baki.

Ya tambaya ko abin aunawar nan kowa ake ba ko manya kawai. Na ce har mai goge daɓe na gani da nasa. Ya ce su kuma masu haƙo shi, su Ilun yanzu, an ba su? Na ce can ban je ba, ban gani ba, ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba.

Ya daɗe yana kankare ƙasar da ta manne wa hauyarsa da ɗan tsinke.

"To ya zauna," in ji shi. "Ba a tashin mutum a tsakiyar aiki. Amma ka gaya wa ɗan naka, idan ya gama ganin ƙananan, akwai manya a Arlit, su ba sai da madubi ba. Ya je ya duba su."

Ya tashi ya koma kunyarsa. Na taka zuwa bakin hanya inda waya take kamawa, na kira Auwalu na faɗa masa yadda aka faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Baffa, ka ce na ji. Zan je."